Wa Ke Riƙe da Sunayensu? Maganar 'Yan Sa-kai Bayan Komowarmu Bahri

Jawabin magatakardan ƙungiya a taron zagayowar ranar kafa ta



A al'ada, aikin magatakarda a irin wannan taro bai wuce ya karanto abin da ya shigo da abin da ya fita, ya ambaci waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya koma ya zauna ba. Ma'aji ya riga ya yi bayanin kuɗi. Sunayen mamata kuwa sun yi yawan da sai da aka ware musu shafi guda a mujallar bana, Allah Ya jiƙansu. Abin da aka ɗora mana yau shi ne maganar da ta tashi zaman kwamiti har sau biyu ba a cimma matsaya ba, wato maganar 'yan sa-kai masu ɗauke da bindiga, waɗanda a nan ake kira mustanfarin, da bataliyoyin farar hula da suka taya soja yaƙi. Wata takarda ce ta neman gudummawa ta iso ofishinmu daga wani sansaninsu. Wasu dattawa suka ce a bayar ba tare da wata-wata ba. Wasu suka ce ko fam guda kada ya fita daga asusu. Duka ɓangarorin biyu mutanen kirki ne, kuma kowanne yana da kabarin da yake nunawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka za mu faɗi abin da muka gani, sannan mu faɗi abin da kwamiti ya tsayar.

Ba sai mun tuna muku safiyar Asabar, 15 ga Afrilu 2023 ba, cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowa ya cika shago da kayan salla. Kafin a daɗe dakarun Da'am Sari', waɗanda gidajen rediyo ke kira RSF mu kuma muke ce wa Da'ama, sun mamaye yawancin Bahri. An fasa kasuwar Sa'ad Gishra, an kwashe rumbunan unguwar masana'antu, an ƙona wasu. Gidajenmu suka zama bariki. Motocin da muka yi shekaru muna biyan bashinsu aka kora su yamma. Hanyar da ta ciyar da iyayenmu, daga Umdurman zuwa Jinaina, a shiga Adre, Abeshe, Njamena, a tsallaka Kusiri zuwa Gamboru da Maiduguri har Kano, ta toshe. Ranar 11 ga Nuwamba 2023 gadar Shambat ta karye, aka yanke mu da Umdurman kamar an sare hannu.

Akwai tambayar da baƙinmu na Kano suka sha yi mana ta waya: ina sojan ƙasa? Amsar ita ce soja na da jirage da manyan bindigogi da tankoki, amma ba shi da isassun masu tafiya a ƙasa, domin shekara da shekaru Da'ama aka bar wa wannan aiki. Da ta juya masa baya, sai ya tarar da kansa a kulle cikin barikokinsa: Babbar Hedikwata a Khartum, rundunar tankoki a Shajara, rundunar sadarwa ta Ishara da ta Kadaru a nan Bahri. Shi ya sa a jajiberin babbar salla, 27 ga Yuni 2023, Janar Burhan ya yi kira ga matasa da duk mai iya ɗaukar makami ya nufi barikin da ya fi kusa da shi. Wasu sun amsa tun lokacin. Amma ambaliyar ta zo ne bayan Madani ta faɗi a watan Disamba 2023. Da mutanen Shandi da Atbara da Gadarif da Kasala suka ji abin da aka yi wa ƙauyukan Jazira, ba su jira a roƙe su ba. A nan aka fara jin sunan Mukawama Sha'abiyya, wato turjiyar jama'a.

Da baki ɗaya ake kiransu, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma rabin gardamarmu a kwamiti daga nan ta taso: wani na maganar ɗansa, wani na maganar wata bataliya. Akwai mustanfarin na unguwa, malamin makaranta da tela da mai raksha, waɗanda aka ba horon 'yan makonni aka miƙa musu kalash. Akwai bataliyar Bara'u bin Malik ƙarƙashin Misbah Abu Zaid Talha, wadda tushenta ke cikin harkar Islama da ta yi mulki tare da Bashir, tana da tsarinta da tutarta da masu ɗaukar mata hoto. Akwai matasan juyin 2019, yaran da suka yi shekaru suna jifan motocin tsaro da duwatsu suna cewa soja ya koma bariki, ga su yau a rami ɗaya da sojan da kuma mutanen da suka kira maƙiyan juyi. Akwai Dir'u Sudan ta Abu Aƙla Kaikal a Butana da gabashin Jazira. Duk wanda ya ce miki, Hajiya, "'yan sa-kai sun yi kaza", ki tambaye shi waɗanne.

Bari mu fara da bashin da ke kanmu, domin ɗan kasuwa da ya ci bashi ya musa ba ya sake samun kaya. Ba don waɗannan yara ba, da wuya a ce yau muna zaune a Bahri muna shan shayi. Sun tsaya a Shajara watanni ana ruwan wuta. Suna cikin waɗanda suka tsallako gadar Halfaya ranar 26 ga Satumba 2024 suka haɗu da sojojin Kadaru. Daga nan aka yi ta turawa gida-gida, lungu-lungu, ta Shambat, har aka buɗe wa Ishara da Babbar Hedikwata hanya a ƙarshen Janairu 2025, aka karɓe matatar mai ta Jaili. Ranar 21 ga Maris aka shiga fadar shugaban ƙasa, ranar 26 aka ce Khartum ta kuɓuta. A Fashir ma 'yan turjiyar jama'a suna cikin waɗanda suka riƙe gari kusan wata 18 a kewaye, kuma abin da ya sami mutanen garin bayan ya faɗi ranar 26 ga Oktoba 2025 ya isa amsa ga mai tambayar me ya sa farar hula zai ɗauki bindiga.

A cikinsu akwai namu. Yawancinku kun san yaron da ya yi shekaru yana ɗora mana kaya a mota, ɗan wata baiwar Allah da ke zaune a wannan ɗaki, ba za mu kama suna ba. Ranar da ya zo ofis yin sallama, abin da ya tambaya shi ne ko za a ajiye masa gurbinsa a layin lodi. Bai san siyasa ba, bai taɓa shiga jam'iyya ba. Ƙanwarsa aka taɓa. Ya tafi, bai komo ba, kuma sai bayan watanni wani abokinsa ya kawo wayarsa da agogonsa. Mahaifiyarsa ta yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan tana neman takardar da za ta nuna ɗanta ya mutu a bakin daga. Inda ta je sai a buɗe littafi a ce babu sunansa. Ku riƙe wannan magana ta littafi, za mu komo kanta.

To, ga ɗaya fuskar. Mako guda bayan tsallake gadar Halfaya, masanin kare haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa kan Sudan, Ridwan Nuwaisir, ya fito ya yi magana kan rahotannin kashe samari da yawansu zai kai 70 a Halfaya ba tare da shari'a ba, bisa zargin sun haɗa kai da Da'ama, kuma a cikin waɗanda aka zarga har da Bara'u bin Malik. Halfaya ba wata ƙasa ba ce, nan ce bayanmu. Ranar 10 ga Janairu 2025, ana gab da karɓe Madani, aka afka wa Kambo Tayba, ƙauyen leburorin gona da ke kusa da Ummul Ƙura. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 26 aka kashe, ta kuma ɗora alhakin a kan Dir'u Sudan. Soja ya kira abin laifin ɗaiɗaikun mutane, Burhan ya kafa kwamitin bincike. Bayan an karɓe Khartum, shugaban ofishin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar, Volker Türk, ya sake kokawa a watan Afrilu 2025 kan kisan gilla a unguwannin kudu, wajen Janub Hizam. Masu kisan da kansu suke ɗaukar bidiyo suna sakawa a Facebook.

Kalmar da ta ci rayuka ita ce muta'awin, mai haɗa baki. Wa ake nufi da ita? Akwai waɗanda da gaske suka nuna gidajen mutane, suka ɗauki ganima, suka sayar da kayan sata a kasuwannin da aka yi wa laƙabi da sunan Dagalo. Mun san wasunsu, kuma kotu ce wurinsu. Amma a Bahri wanda ya zauna wata 20 ƙarƙashin Da'ama galibi shi ne wanda bai da kuɗin motar gudu. Mai shayi ta sayar musu da shayi don ba ta isa ta ƙi ba. Mai kurar ruwa ya kai musu ruwa. Mai shago ya canza wa mutane Bankak zuwa tsabar kuɗi, kuma kowa ya san a hannun wa tsabar kuɗi take a lokacin. Mu da muka samu muka fita zuwa Shandi ko Bur Sudan ko Kano, ya kamata mu ji nauyin nuna su da yatsa.

Nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu. Kun ji abin da ake kira dokar baƙuwar fuska. Babu wata majalisa da ta zauna ta rubuta doka mai wannan suna, amma a shingen bincike, wato irtikaz, tana aiki fiye da dokokin da aka rubuta. Ana duba launin fata, ana sauraren Larabcin mutum, ana karanta garin haihuwa a katinsa. Tun farkon yaƙi ake cewa Da'ama ta ɗebo sojojin haya daga Chadi da Nijar da sauran ƙasashen yamma, kuma a watan Yuli 2024 hukumomin jihar Khartum suka ba baƙi kwana 15 su fice. Saboda haka duk wanda aka ji Hausa a bakinsa sai ido ya koma kansa. Mu kuwa kashi biyu ne a wannan ƙungiya. Akwai masu fasfo na Najeriya da Nijar da Chadi. Akwai kuma waɗanda kakanninsu suka iso bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da waɗanda hanyar hajji ta ajiye a Gadarif da Kasala da Jazira tun kafin a haifi ƙasar da ake tambayarsu takardarta. Ba mu manta da abin da aka yi wa Hausawa a jihar Shuɗin Nilu a watan Yuli da Oktoba 2022 ba, lokacin da aka ce mu baƙi ne, ba mu da ƙasa. Yaron da ke tsaye a shinge, shekararsa ba ta wuce 19 ba, bai san Burmi ba, bai san Mai Wurno ba. Fuska yake gani.

Ga abin da ya faru da mu a wannan ofis. Wani yaron shagon ɗaya daga cikin alhazanmu, haifaffen Gadarif, an aike shi da kaya a tuk-tuk, aka tare shi a wani shinge, aka ga saƙonnin murya na Hausa a wayarsa da lambobin Chadi, waɗanda duk na abokan cinikin maigidansa ne a Abeshe. Aka wuce da shi. Kwana tara muna nema. Mun je wurin 'yan sanda, suka ce ba su da shi. Mun je wurin soja, aka buɗe littafi, aka ce wannan shinge ba ya cikin nasu. Muka koma shingen, muka tarar an canza mutane, kuma waɗanda ke wurin ba su san waɗanda suka tsaya ranar ba, ko sun ce ba su sani ba. Babu lamba a ƙirji, babu suna, rabin kaki rabin jallabiya. A ƙarshe limamin unguwa ne da wani dattijo mai ritaya suka bi ta hanyar da su suka sani, aka sako shi daga wani gida da ba ofishin kowa ba ne. Ya dawo da rai, alhamdu lillahi. Kayan ba su dawo ba, hannunsa na hagu kuma har yau ba ya ɗaga buhu. Maigidansa ya ce mu rubuta ƙara. Muka zauna da takarda da biro, muka rasa sunan da za mu sa a sama.

Wannan shi ne abin da muka gano, kuma aikin magatakarda ne ya nuna mana shi, ba wani zurfin ilimi ba. Uwar da ke neman takardar ɗanta da alhajin da ke neman wanda zai kai ƙara, abu ɗaya suka rasa: littafin da sunan mai bindiga yake ciki. Rashin littafin nan ya cuci yaron kirki da ya mutu ba a san da shi ba, ya kuma rufa wa mugu asiri. Mu 'yan kasuwa ba ma ɗora buhu ɗaya na karkade ko ƙaro a motar da ba mu san direbanta da lambarta da mai tsaya masa ba. Ya za a yi a ce bindiga ta fi buhu sauƙin bayarwa?

Ƙasar nan ta sha gwada wannan hanya. A 1989 gwamnatin Bashir ta kafa Difa'u Sha'abi, ta kwashi ɗalibai da ma'aikata zuwa yaƙin kudu, sai bayan faɗuwarsa aka sanar da rusa ta. A 2003 aka raba wa mahaya makamai a Darfur, duniya ta san su da Janjawid. A 2013 aka ɗinka musu kaki aka ba su suna Da'am Sari', a 2017 majalisa ta yi musu doka. Bayan shekara 6 suna kwance a gadajenmu. Su ma da sunan taimakon soja suka fara. Kaikal kuwa kun ga tafiyarsa: ya kafa rundunarsa yana cewa bayan soja yake, ya koma Da'ama, da shi aka ci Madani, a watan Oktoba 2024 ya dawo, da shi aka ƙwato ta. Mutanen Jazira ne suka biya kuɗin dawowar tasa da jininsu, a Tambul da Sariha da Hilaliya.

'Yan uwanmu da ke sauke kaya a Maiduguri sun san labarin ta wata fuskar. A 2013 matasan garin suka tashi da gora da adda, aka kira su Kato da Gora, kuma su ne suka nuna wa soja 'yan Boko Haram gida-gida har garin ya numfasa. Babu mai musun wannan a kasuwar Monday. An kuma zarge su da kisa ba shari'a, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su a jerin masu sa yara aikin yaƙi. Abin lura shi ne yadda aka yi da su: gwamnatin Borno ta ɗauki sunayen wasunsu tana biyansu alawus, suka sa hannu a yarjejeniyar sallamar yara a 2017, aka cire su daga jerin a 2021. Ba a gama gyara ba, amma akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ku kwatanta da 'yan sa-kai na Zamfara da Sakkwato a shekarun da babu mai riƙe da igiyarsu. A watan Oktoba 2021 suka kashe Fulani a kasuwar Mamande, bayan 'yan kwanaki 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. Duka biyun a kasuwa aka yi, kuma masu tabarma da mudu ne suka kwanta.

A nan ma hukuma ta fara motsi. A watan Yuli 2025 aka ba da umarnin fitar da rundunoni masu makami daga cikin Khartum, ranar 17 ga Agusta kuma Burhan ya sa hannu a kan cewa duk dakarun da ke taya soja su koma ƙarƙashin dokar soja ta 2007 da umarnin kwamandojin yankunansu. Mun yi murna da wannan takarda. Amma mu da muke aiki da takarda mun san nisan da ke tsakaninta da shingen da ke bakin kasuwa. A watan Satumba Amurka ta sa wa Bara'u bin Malik takunkumi, wanda ya kamata duk mai tura kuɗi ta Dubai ko Legas ya sani, domin sunan ƙungiyarmu a kan rasit ɗin gudummawa ga inda bai dace ba zai iya rufe wa mutum asusu a wata ƙasa.

Yanzu ga abin da kwamiti ya tsayar, bayan dattawan ɓangarorin biyu sun sassauto, Allah Ya saka musu. Ƙungiya ba za ta ba kowane sansani ko bataliya tsabar kuɗi ba, ko wane ne ya kawo takardar. Duk wanda ya ga zai bayar daga aljihunsa, tsakaninsa da Ubangijinsa, amma ba da hatiminmu ba. Abin da aka ware na gudummawa za a raba shi biyu. Kashi ɗaya ga iyalan yaranmu da suka tafi ba su dawo ba da waɗanda suka dawo da rauni, ba tare da tambayar a wace runduna suka tsaya ba, kuma ofishinmu zai raka duk uwar da ke neman takardar ɗanta har inda za ta kai. Ɗaya kashin, dawa da adas da mai da gawayi, zuwa ga takaya, tukwanen unguwa da suka ciyar da waɗanda suka maƙale a Shambat da sauran unguwanni lokacin da ba kasuwa ba gwamnati. Su ma 'yan sa-kai ne, ludayi ne kawai makaminsu, kuma ɓangarorin biyu sun kama su sun tsare.

Wani dattijo ya tambaye mu a zaman ƙarshe ko wannan ba butulci ba ne ga waɗanda suka mayar mana da gidajenmu. Mun amsa masa da ladabi cewa idan sansanin da ya aiko takarda yana ƙarƙashin soja kamar yadda dokar Agusta ta ce, ciyar da shi na wuyan hukuma, muna kuma biyan haraji da kuɗin kwastan. Idan ba ya ƙarƙashin soja, to shi ne irin wanda muka yi kwana tara muna nema. Baba bai gamsu duka ba, ya kuma ce a rubuta cewa bai gamsu ba. Mun rubuta.

Akwai kuma roƙo ga iyaye. Wasu yaranmu sun dawo gida da bindigoginsu, suna ƙarƙashin katifa. Mun san tsoron da ya sa aka ajiye su, yaƙi bai ƙare ba, jirage marasa matuƙi na ta zuwa. Amma wanda ke son ci gaba da aikin, a raka shi ya shiga da sunansa da lambarsa. Wanda ya gaji, a raka shi ya mayar da ita inda ya karɓa, a ba shi takardar shaida, gurbinsa na layin lodi yana nan.

Daga wannan mako mun buɗe sabon littafi a ofis. Duk wanda aka tare, ko aka karɓi kuɗi ko kaya a hannunsa a shinge ba rasit, ya zo ko ya aiko a rubuta rana da wuri da abin da aka karɓa da irin kayan da ke jikin masu shingen. Duk ƙarshen wata shugaba da dattawa biyu za su kai kwafi ga hukumar ƙaramar mulki ta Bahri. Kada a aiki yaro da kaya shi kaɗai bayan la'asar, kuma kada ya fita ba tare da lambarsa ta ƙasa ko takardar zamansa ba. Sabon katin ƙungiya, mai Larabci a gaba da lambar wayar ofis a baya, ya iso. Wanda bai kawo hotuna biyu ba, shi da yaran shagonsa da direbobinsa, ya same mu a teburin bakin ƙofa kafin a sa abinci.

Ranka ya daɗe shugaba, mun gama.